Sharhina kan gajeren fim ɗin nan na baunsa, bakwai na ba shi cikin goma

Gajeren fim ɗin nan na baunsa, wato ƙartin da ke tsaron ƙofan kulob ko wajen biki, da ake ta turawa a WhatsApp, wanda bai ma kai minti ashirin ba, na samu na zauna na kalle shi a YouTube tun daga farko har rubutun ƙarshe, kuma in aka ce in ba shi maki cikin goma toh bakwai zan ba shi. Ukun da na riƙe akwai dalili, zan zo kanshi. Amma tun yanzu ina gaya muku duk wanda yake da ƙani ko ɗa ko miji mai ɗaga ƙarfe, irin waɗanda ake kira a miƙa musu baƙar riga a ce su tsaya bakin ƙofa, ya nemi fim ɗin ya kalla. Wanda kuma baya so a ɓata mishi labari ya tsaya daga nan, don ni sai na faɗi yadda ya ƙare, in ba haka ba sharhin bashi da amfani.

Ni sana'ata haɗa sauti ne a wajen biki, sifiku da makirfo da janareta, daga Samaru zuwa Sabon Gari zuwa GRA har cikin birni, wani lokacin a kira mu Kaduna. Saboda haka baunsa ba baƙi bane a wajena, tare muke isa kafin kowa ya zo, tare muke tashi bayan kowa ya watse, sau da yawa ma faranti ɗaya muke haɗawa mu ci ragowar shinkafan dina a tsaye. Kulob kam ba wajen zuwana bane, amma yaran da kuke gani a ƙofan wajen dina ranar Asabar, da yawansu su ne dai ke tsayawa a ƙofan kulob a Kaduna ko Abuja in kira ya samu. Daga wajen ɗaga ƙarfe ɗaya ake kwaso su.

Labarin dare ɗaya ne kacal. An buɗe da ƙaton yana goge baƙar rigan aikinshi da dutsen guga na gawayi saboda ba wuta, ɗaki ɗaya ne a gidan haya, mahaifiyarshi na zaune kan tabarma tana mishi addu'a, ita a saninta gadi yake yi a wani kamfani. Bai gyara mata ba, ya dai ce amin ya saka takalmi. Ba a taɓa kiran sunanshi ba a duk fim ɗin, manaja "kai" yake ce mishi, kwastomomi kuma "oga baunsa" in suna neman alfarma, "ƙaton banza" in ya hana su. Wannan ya burge ni sosai don haka abun yake, ni kaina akwai waɗanda muka daɗe muna haɗuwa a wajen aiki sunan da aka san su dashi kawai na girman jikinsu ne.

Wajen da fim ɗin ya fi ƙarfi shine bakin ƙofa. Kyamara ta tsaya a bayan kafaɗarshi, kai mai kallo kana ganin abin da yake gani, layin mutane, kowa da fuskarshi, yana bin su da sandar caje ɗin nan mai ƙara, yana taɓa aljihu yana taɓa ƙugu. Sai ga wasu samari su huɗu sun sauko daga mota, na gabansu tun daga tafiyarshi ka san ya riga ya yi nisa, ya hana su, yaron ya fara "ka san ko ni ɗan waye", shi dai bai ce uffan ba ya haɗe hannu a ƙirji. Sai manaja ya leƙo, ya kalli makullin motan da ke hannun yaron, ya raɗa mishi a kunne ya bar su su shiga. Wallahi kallon da ɗan wasan ya yi wa manajan a wajen nan shi kaɗai ya biya kuɗin data na. Ba fushi bane, kallon mutumin da ya riga ya san me zai faru nan da awa biyu kuma ya san a kanshi zai ƙare.

Kuma hakan aka yi. Yaron ya ja rigan wata, saurayinta ya miƙe, kwalba ta fashe, manajan da ya ce a bar shi ya shiga shi ne dai ke ihu a oba-oba a fitar dashi yanzun nan. Ƙaton ya rungume yaron ta baya ya ɗaga shi cak ya kai shi waje ya ajiye, bai mare shi ba bai zage shi ba, amma a gaban 'yan mata aka yi kuma wayoyi sun ɗauka. Yaron yana gyara riga yana nuna shi da yatsa, abin da kawai ya ce shine zan dawo.

Toh anan ne na san wanda ya rubuta labarin ko dai ya taɓa yin aikin ko ya zauna da masu yi. Mutane sun ɗauka haɗarin baunsa faɗan cikin kulob ne. A ciki ai yana da abokan aiki, akwai haske, akwai kyamarar tsaro, akwai idon jama'a. Abin tsoron shine ƙarfe huɗun asuba, an kashe kiɗa, manaja ya ƙirga mishi kuɗin daren ya cire na kofunan da suka fashe, ya shiga motarshi ya tafi, shi kuma ƙaton ya fito da ƙafa yana neman mai mashin a titin da babu kowa. Kowa ya san inda yake aiki, kowa ya san lokacin tashinshi, kuma mutum mai wannan jikin baya ɓoyuwa ko a duhu. A kwanar layi suka jira shi. Ba a nuna saran ba, ƙarar takalma kawai ka ji da numfashi, sai wayarshi a ƙasa tana haske.

Bai mutu ba, kuma na ji daɗi da basu kashe shi ba don da sun kashe shi da an yi kuka an wuce wajen. An nuna shi a gadon asibiti wuya da kafaɗa duk bandeji, sai ga yaron manaja ya shigo da leda a hannu, kai ka ɗauka dubiya ce, ashe oba-oba aka aiko shi ya karɓa da katin wuya na wajen aiki, ledan na zuba su ne. Ya ma tambaya ko rigan na nan, nas ta ce ai sun yanka ta da almakashi. Daren ranar an nuna wani sabon ƙato a ƙofan, shi ma ya haɗe hannu a ƙirji. Abin da fim ɗin ke faɗa kenan kuma na yarda dashi ɗari bisa ɗari, mai kulob jiki ya ɗauka haya, in wannan jikin ya lalace akwai wani a layi, sannan girman jikin nan shi ne ke hana a tausaya mishi. In aka ce an sari mai gadi tsoho kowa zai yi salati, in aka ce an sari baunsa sai ka ji ana "shi da wannan ƙirjin nashi?"

Irin wannan ya faru a gabana, kuma ba a kulob ba, a dinar aure ne nan cikin garin Zariya. Iyayen amarya sun ce ba kati ba shiga, wasu yaran unguwa suka zo a hana su, da aka tashi muna naɗe waya muna loda sifiku sai muka ji hayaniya ta bayan katanga, kafin mu isa sun yanki ɗaya daga cikin baunsan a dantse sun gudu. A bayan motan kayana muka kai shi asibiti yana danne wajen da rigarshi. Ango da amarya sun tafi, mai wajen taron ya ce ba shi ya ɗauke su ba, wanda ya kwaso su ya ce shi ma kiranshi aka yi a waya. Karo-karo muka yi, mu da mai hoto da masu abinci, aka biya kuɗin ɗinki. Ya yi makonni baya iya ɗaga ko bokitin ruwa, kuma mutumin da jikinshi ne jarinshi in ya zauna toh shikenan ba shiga.

Abin haushin shine ba wai babu doka bane. Akwai dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu tun 1986, kuma Sibil Difens ke ba su lasisi tana sa musu ido, dokar ma ta hana masu gadin riƙe bindiga, wato baunsa da hannunshi kawai yake tsaye ko me wanda ke gabanshi ya ɓoye a mota. Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, domin in ma'aikaci ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki a biya shi ko iyalinshi. Amma duk wannan sai in sunanka na cikin wata takarda. Yaran da na sani ba takarda ba sa hannu, kira ne kawai, "kana gari? akwai aiki yau, ka zo da baƙin kaya", a biya ka a hannu ko a tura maka ta waya in an ga dama. A Ingila a ƙarƙashin dokar 2001 aka kafa hukumar SIA mai kula da masu gadi, kuma ba ka isa ka tsaya ƙofan kulob ba sai da lasisinta a jikinka inda kowa zai gani, sai ka yi horo kan yadda ake kwantar da rigima da baki da yadda ake riƙe mutum ba tare da an illata shi ba, har da taimakon gaggawa. Mu nan horon shine faɗin ƙirji.

Wani ɗan wajen da na so kuma, abokin aikinshi da aka nuna a bayan gida yana haɗiye tramol da lemon kwalba don ya iya tsayuwa har asuba. Sakan biyar ne amma gaskiya ce tsagwaronta. Binciken da aka yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 64 ke ta'ammali da ƙwayoyi, a shekarar ne ma cikin watan Mayu gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Toh ka haɗa, wanda ke son shiga a buge yake, wanda ke tare ƙofan shi ma ya ɗan kora, me kake jira ya faru.

Yanzu ɓangarena, sauti. Anan na ba su kuma anan na ƙwace. Bayan an kashe kiɗa ƙaton ya fito waje, sai suka saka wata siririyar ƙara tana tsiiiii a ƙarƙashin komai, har maganar manaja tana zuwa a dushe. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da sifika ya san wannan ƙarar. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bayarwa shine ƙara mai ƙarfin desibel 85 awa takwas kunne zai iya ɗauka, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin ya ragu da rabi, kafin ka kai 100 saura kamar minti 15, kuma cikin kulob kaiwa 100 ba wani abu bane. Shi baunsa na ciki awa shida ko bakwai yake yi a haka, dare bayan dare, kuma jin da ya tafi ta wannan hanyar baya dawowa. Shi yasa bai ji takun masu binshi ba sai da suka iso, fim ɗin bai faɗa da baki ba amma mai lura zai gane. Ni dai da abin toshe kunne nake aiki, yarana suna mun dariya, su ci gaba.

Amma kuma mutanen da suka yi wannan dabarar su ne suka kasa ɗaukar magana a waje. Duk hirar bakin ƙofa iska ce ke bugun makirfo, ga ƙarar janareta a baya, ga kiɗan da suka ɗora ya danne muryoyi, sai ka ƙure ƙara sannan ka ji me yaron ke cewa, kana ƙurewa kuma kiɗa ya dawo ya fasa maka kunne. Ɗan soson nan da ake sakawa a kan makirfo nawa yake? Rubutun fassarar ƙasa ma yana riga magana fitowa, inda aka yi broka an fassara, inda aka yi Hausa an bar shi haka, wanda baya jin Hausa zai rasa addu'ar mahaifiyar gaba ɗaya. Jinin da aka zuba a rigan kuma kamar zoɓon da bai ji sukari ba, ja wur a tsinke. Maki ɗaya ya tafi anan.

Maki biyun da suka rage na cire su ne saboda an maida baunsa waliyyi. Ƙaton fim ɗin baya zagi, baya duka, baya karɓar na goro ya bar yaro ƙarami ya shiga, baya kallon mata. Haba. Ni da nake aiki dasu na san akwai na kirki masu haƙurin da ni bani dashi, akwai kuma waɗanda rigan ce ke hau musu kai, ka ga an shaƙe yaro ɗan siriri a wuya ana jan shi saboda ya yi gardama. Kuma wannan ma yana cikin haɗarin aikin, don hannun da aka saba ɗaga ƙarfe dashi naushi ɗaya in mutum ya faɗi ƙeyarshi ta bugi siminti, jini na iya taruwa cikin kai ya tashi lafiya lau ya tafi gida, da safe a ce ya rasu. Ko a kifa wanda ya bugu rub da ciki a ɗora mishi gwiwa a baya ana jiran 'yan sanda, numfashi ya ɗauke ba a sani ba. Baunsa kuma ba ɗan sanda bane, a gaban alƙali shi da kowa ɗaya ne, manajan da ya ce fitar dashi ba zai bi shi gidan yari ba. Da sun nuna ko abokin aikin nashi mai tramol ya yi wannan aika-aikar, da fim ɗin ya cika.

Akwai ma babban misali da duniya ta sani. A watan Janairun 2013 gobara ta tashi a kulob ɗin Kiss da ke garin Santa Maria a Burazil, mutum 242 suka mutu, yawancinsu ɗaliban jami'a, garin ɗalibai ne kamar namu. Masu kiɗa ne suka kunna abin tartsatsin wuta ya kama soson rufin, kuma a mintunan farko masu tsaron ƙofa sun tare mutane saboda a can sai za ka fita kake biyan kuɗin abin da ka sha, sun ɗauka gudun biya ake yi. Ba mugunta bace, abin da aka ɗora su a kai kenan, kar kowa ya fita da kuɗin oga, ba wanda ya taɓa zaunar dasu ya ce in kun ga hayaƙi ku buɗe komai. Yanzu ku tuna wuraren taron da muke shiga nan garin, nawa ne ƙofan bayansu ba a garƙame da kwaɗo ba, ko ba a jibge kujeru a gabanta ba? Ni da nake jan waya ta bayan dandamali ina gani.

Na nuna wa wani abokina fim ɗin a shago, yana gamawa ya ce ai maganinshi kenan, wa ya aike shi gadin gidan giya. Ni ba malami bane kuma ba zan zo nan in halatta abin da malamai suka yi bayani a kanshi ba, da ƙanina ne zan hana shi kulob iya ƙarfina. Amma na ce mishi Alhaji ranar dinar 'yarka su waye ka saka a ƙofa? Ranar gangamin siyasa su waye ke zagaye da ɗan takara, ranar wasan Sallah su waye ke tare matasa kar su hau dandamali? Su ɗin ne dai, kuma yadda mai kulob ya yar da na cikin fim haka masu biki suka yar da wanda muka kai asibiti. Sai ya yi shiru ya koma maganar farashin siminti. Af, kuma ko Fafaroma Francis da ya rasu a 2025 ya taɓa faɗa da bakinshi a 2013 cewa yana saurayi ya yi aikin baunsa a Buenos Aires, wannan na faɗa ne kawai don in ba Alhajin haushi.

Ɗan wasan da ya fito a ƙaton ya iya, maganarshi duka a fim ɗin bata fi a ƙirga da yatsu ba amma fuskarshi ta yi aikin. Manajan ma ya iya, har na ji na tsane shi. Yaron mai kuɗin ne ya ɗan zaƙe, buguwar tashi ta wasan kwaikwayon makaranta ce, ana tangaɗi ana lumshe ido, alhali wanda ya bugu na gaske ƙoƙari yake ya nuna bai bugu ba. Rubutun nasiha da suka jera a ƙarshe kuma bai da amfani, sabon ƙaton da ke tsaye a ƙofa ya riga ya gama magana, da a nan suka yanke.

Ba na kallo da yara bane, akwai shigar banza a ɓangaren cikin kulob duk da basu daɗe a wajen ba. Data bai ci sosai in ka rage ingancin hoton, dama rabin fim ɗin a duhu aka yi ba abin da za ka rasa. Ku dai saka iyafis, in a sifikan waya kuka kalla ba za ku ji ƙarar kunnen nan ba kuma hirar bakin ƙofa za ta wuce ku. In masu fim ɗin za su yi na biyu, su zo wajen dina nan Zariya su ɗauka, kayan sautin ni zan kawo kyauta.